Wuya Kafin Suna: Cinikin Jitar Hannu a Hartum da Umdurman

Tun da sojojin Sudan suka karɓe fadar shugaban ƙasa a watan Maris na 2025, motocin safa suke ta sauke jama'a a Hartum da Bahri da Umdurman, kowa ya nufi gidan da ya garƙame ya gudu a 2023. Kafin ƙarshen 2025 waɗanda suka koma babban birnin sun haura miliyan ɗaya. Abin da akasarinsu ke tararwa iri ɗaya ne: ƙofa a ɓalle, an kwashe firji da talabijin, an farfasa bango an zare wayoyin wuta saboda tagullar da ke cikinsu. A gidajen makaɗa akwai ƙarin wata asara wadda ba ta shiga takardun hukumomin agaji. Ko dai jitar ta bi sauran kaya, ko kuma tana nan jingine a ɗakin da ya shekara biyu a rufe, ƙura ta rufe ta, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, wuyan ya ɗan karkata, tsirkiya ta yi nisa da katako har yatsa ba ya iya danna ta sai da ƙarfi.

Mai irin wannan asara hanya biyu ce a gabansa, ya gyara tsohuwar ko ya nemi ta hannu, don sabuwa mai kyau ta fi ƙarfin aljihun kusan kowa. A nan ne yawancin masu saye suke yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Idonsu yana kan sunan kamfani da ke rubuce a kan jitar da ƙyallin fentinta, alhali abin da zai nuna ko kuɗinsu ya tafi a banza yana can a wuyanta. Ra'ayin da nake son kafawa shi ne, a gari mai zafi da bushewa irin Hartum, darajar jitar lantarki tana ga lafiyar wuyanta da yadda aka daidaita tazarar tsirkiyoyinta, kuma abin da ya fi ƙaranci a garin yau shi ne hannun da ya iya wannan daidaitawa, fiye da jitocin kansu.

Yadda baƙuwa ta zama 'yar gida

Umdurman ce cibiyar waƙar Sudan tun kafin zuwan jita. A nan aka buɗe gidan rediyo a 1940, kuma a nan A'isha al-Falatiya, wadda iyayenta mutanen ƙasar Hausa ne, ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon a 1942. Kayan kiɗan da suka mamaye wancan zamani su ne udu da goge irin na Turawa da akodiyan da ganguna, duk a kan sautuka biyar da kunnen Bahaushe ba ya jin baƙuntarsu. Jitar lantarki ta shigo ne wajen 1960, kuma sunan da ba ya rabuwa da shigowarta shi ne Sharhabil Ahmed, haifaffen Umdurman a 1935, mai zane a mujallar yara ta Al-Sibyan, wanda daga baya aka naɗa masa laƙabin sarkin jaz na Sudan. Matarsa Zakiya Abul Gasim ita ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta kaɗa jita a bainar jama'a a ƙasar, kuma a ƙungiyarsa ta yi kiɗa. Bayansu aka samu su Kamal Keila da ƙungiyar Scorpions, waɗanda suka haɗa sautin gida da abin da ke zuwa daga Kongo da Habasha da Amurka. Gidajen rawa na Hartum irin su Gordon Music Hall da bukukuwan aure su ne suka riƙe wannan kiɗa.

Daga nan ƙofofi suka yi ta rufewa. Dokokin Satumba na 1983 a zamanin shugaba Numeiri sun kashe gidajen rawa. Juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989 ya kawo dokar kula da ɗa'ar jama'a, wadda ta ƙayyade lokacin tashi daga biki, ya kuma sa manyan mawaƙa irin su Muhammad Wardi yin hijira. A 1994 aka kashe mawaƙi Khojali Usman da wuƙa a harabar ƙungiyar mawaƙa da ke Umdurman. A 1997 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki wanda ba a ɗage ba sai a watan Oktoban 2017, kuma manyan kamfanonin jita biyu, Fender da Gibson, duk na Amurka ne. Shekara ashirin ke nan hanyar shigowar jita mai kyau ita ce jakar ɗan'uwa da ke aiki a Jidda ko Dubai, ko kayan wanda ya dawo daga Alƙahira. Saboda haka cinikin jitar hannu a Hartum ya girmi wannan yaƙi nesa ba kusa ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya dai ƙara tsananta abin da dama ake ciki. Dalar da gwamnati ke sayarwa fam 55 kafin Fabrairun 2021 ta koma kusan 375 a rana guda, ta kai wajen 600 dab da yaƙi, ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage a 2024, sannan ta wuce 3,000 a 2025. Jitar masu koyo ta Squier ko Yamaha, wadda a ƙasashen waje ake saye dala 200 zuwa 300, ta zama kuɗin abincin iyali na watanni.

Akwai misalin da ya isa hujja a kan wane ɓangare na jita ne uwa. Nuri, makaɗin ƙabilar Beja daga Bur Sudan, ya tsinci wuyan wata jita ne a wurin 'yan gwangwan tun yana saurayi a shekarun 1990, ya haɗa shi da tambur, molon gargajiya na yankinsu, ya ƙera kayan kiɗan da babu irinsa. Da shi ya naɗi faifan da kamfanin Ostinato ya fitar a 2022, wanda aka saurara a Turai da Amurka. Gangar jiki ana iya sassaƙa ta, wayoyi ana iya sake su, amma miƙaƙƙen wuya mai gaɓoɓi a inda ya kamata su zauna shi ne abin da ba kowane kafinta ke iya yi ba.

Abin da rana ke yi wa katako

Masu ƙera jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, kuma a irin wannan yanayi ake busar da katakon a masana'antun Amurka da Indonisiya da Sin. Hartum ba ta san wannan ba sai na 'yan makonni a shekara. A watannin Maris da Afrilu danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20, a Mayu da Yuni zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, guguwar habub tana cusa ƙura a kowace kafa, sai kuma ɗan ruwan Yuli zuwa Satumba ya ɗaga danshin ya ninka. Katako yana shan danshi yana kumbura, yana rasa shi yana tsukewa, ƙarfe kuwa ba ruwansa. Shi ya sa a tsakiyar rani makaɗi yakan ji bakin ƙarafunan gaɓoɓi suna kartar hannunsa a gefen wuya: katakon ne ya tsuke ya bar ƙarfen a waje. Shi ya sa kuma jitar da aka daidaita a Jidda, inda iskar teku ke da danshi, take canza hali bayan makonni kaɗan a Umdurman. Ko cikin gida ɗaya akwai bambanci, domin na'urar sanyaya ɗaki mai aiki da ruwa, wadda ta yawaita a gidajen Sudan, ƙara danshi take yi, mai aiki da gas kuwa busar da iska take yi.

A kan wannan katako mai motsi ne tsirkiyoyi shida suke ja dare da rana da nauyin da ya kai kilo 40 zuwa 47, gwargwadon kaurinsu. Wuyan jita kamar baka yake: tsirkiya tana son lanƙwasa shi, dole a samu abin da zai riƙe shi daga baya. Wannan abu shi ne siririyar sandar ƙarfe da aka binne cikin wuyan tun daga kai har gindi, mai noti a ƙarshenta. Wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, shi ya nemi rajistar wannan dabara a 1921. Da Leo Fender ya fitar da jitocinsa na farko a 1950 ba tare da sandar ba, wuyoyin sun fara lanƙwashewa a hannun masu saye, tilas ya sa ta. Tun daga lokacin kusan kowace jitar lantarki, mai tsada da mai araha, tana ɗauke da wannan sanda, kuma an sa mata noti ne don a riƙa juya shi. Wannan magana ta ƙarshe ita ce mafi yawan masu jita ba su yarda da ita ba.

Aikin da ba ya son gaggawa

Daidaita jita yana da jeri, kuma wanda ya tsallake mataki zai yi ta zagaye. Ana farawa da sababbin tsirkiyoyi a ɗaure su su kai sautinsu, domin duk awon da aka yi da tsirkiya sako-sako ƙarya ne. Sai a duba lanƙwasar wuya. A danne tsirkiya mafi kauri a gaɓar farko, da maƙalli ko da fensir da roba, a danne ta kuma a gaɓar ƙarshe da yatsa. Tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen ma'auni ke nan. A leƙa tsakaninta da ƙarfen gaɓa ta 8: ana son a ga 'yar kafa ta kusan kwata ɗin milimita. Wanda ba shi da ma'aunin makanikai ba sai ya damu ba, guntun tsirkiya mafi siriri ta saiti mai lamba 10 kaurinta ke nan daidai. In kafar ta fi haka, wuya ya rusuna wa tsirkiya, sai a ɗaure notin sandar ta hannun dama. In tsirkiyar ta kwanta a kan ƙarfe babu kafa ko kaɗan, wuya ya banƙare, sai a sassauta ta hagu. Ba a wuce kwata ɗin zagaye a juyi ɗaya, sannan a sake ɗaure tsirkiyoyi, a ba katako lokaci ya zauna, a sake awo. A gari mai bushewa irin wannan, barin ta ta kwana kafin juyi na biyu ba ɓata lokaci ba ne.

Sai wuya ya daidaita ake taɓa jakin da tsirkiyoyi ke hawa a gangar jiki, wanda ƙananan sukurorinsa ke ɗagawa ko sauke kowace tsirkiya. Abin da akasarin makaɗa ke jin daɗinsa shi ne tazarar kusan milimita 2 a ƙarƙashin tsirkiya mai kauri da milimita 1.5 a ƙarƙashin siririyar, in an auna a gaɓa ta 12. Katin banki kaurinsa kusan kashi uku cikin huɗu na milimita ne, don haka guda biyu a haɗe sun ba da awon siririyar. Kunne ma yana faɗin inda ciwo yake. In tsirkiya tana ziza a gaɓoɓin farko, wuya ya miƙe da yawa. In zizar tana can sama da gaɓa ta 12, jaki ne ya yi ƙasa. In gaɓa ɗaya tak ce ke ziza, ƙarfenta ko na gaba da ita ne ya tashi daga gurbinsa, abin da bushewa ke yawan jawowa, kuma juya sandar wuya ba zai taɓa magance shi ba. Mutane da dama sun lalata noti suna neman maganin abin da ba a can yake ba.

Mataki na ƙarshe shi ne daidaita tsawon kowace tsirkiya, kuma a kiɗan Sudan shi ne wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. A kaɗa tsirkiya a sake, a kuma danne ta a gaɓa ta 12: sautin biyu ya zama ɗaya, na biyun yana sama da ninki guda cif. In na biyun ya zarce, a ja mazaunin tsirkiyar baya, in ya gaza a turo shi gaba. Manhajar saita sauti da ke cikin kowace waya ta isa wannan aiki. Dalilin muhimmancinsa shi ne, makaɗin jitar Umdurman ba ya ɓuya a bayan ƙara mai kauri irin ta 'yan rok. Sautinsa garau yake, gajerun jimloli ne masu sauri a saman wuya, yana amsa wa kakaki ko goge, kuma a gefensa akwai akodiyan ko ogan waɗanda sautinsu ba ya gocewa. Tsirkiyar da ta yi sama da yawa, in an danne ta sai ta miƙe, sautin ya ɗaga. Mai sauraro ba zai san sunan matsalar ba, zai dai ce wannan yaro bai iya ba. Yara nawa suka ajiye jita da zaton ba su da hannu, alhali milimita ɗaya ce ta raba su da kiɗan?

Abin da ake gyarawa da abin da ake gudu

In mai saye ya fahimci wannan, jerin abin da zai duba a kasuwa zai juye. Fentin da ya kwaile, maɓallin ƙara da ke ƙarar yashi saboda ƙura, ramin fulogi da ya yi sako-sako, waya da ta tsinke a ciki, duk waɗannan aikin mai gyaran rediyo ne da dalmarsa, kuma hujja ce ta neman ragi. Kunnuwan ɗaure tsirkiya da maɗaukan sauti ana kwance su a sa wasu. Abin gudu guda uku ne. Na farko wuyan da ya murɗe, wanda ake ganewa in an ɗora ido a kan jitar an hango tsawon wuyan zuwa gindi, sai a ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi. Sandar ciki gaba da baya kawai take gyarawa, ba ta warware murɗiya. Na biyu notin da ya cinye ko sandar da ta karye, shi ya sa bai kamata a biya kuɗi ba sai an sa alanki an ga notin yana motsi ta ɓangarorin biyu kuma wuyan yana amsawa. Mai sayarwar da ya hana wannan gwaji ya riga ya ba da amsa. Na uku tsagewa a bayan kai, ciwon da aka san jitocin ƙirar Gibson da shi saboda yadda kansu ya kwanta baya.

A nan ƙirar Fender da ɗimbin masu kwaikwayonta suna da wata fa'ida da ta dace da Hartum. Wuyansu da sukurori huɗu aka ɗaure shi, ba da gam ba. In kusurwarsa ta ɓaci ana kwance shi a sa siririn ƙyalle na katako ko kati a gyara zamansa, in kuma ya mutu gaba ɗaya ana ɗora wani. Jitar da aka manna wuyanta da gam, in ta daɗe a ɗaki mai rufin kwano ko bayan mota a rana, gam ɗin yakan yi laushi, gyaranta kuma sai gwani da kayan aiki. Wani ƙaramin abu kuma da ke jawo babbar ɓarna shi ne girman alanki. Jitocin Amurka da awon inci ake yin notinsu, na Asiya kuwa da milimita, galibi 4 ko 5. Alankin da ya kusa shiga amma bai zauna daram ba shi ne ke cinye noti.

Masu ja da wannan magana

Za a ce, me zai sa mutum ya sayi wahalar wani, tunda ga sababbin jitoci daga Sin a kwalinsu, wasu ma da sunan Fender a goshi, a farashin da bai kai na tsohuwa ba? Akwai gaskiya a ciki. Injinan sassaƙa na kwamfuta sun sa jitar araha ta yau ta fi ta shekara talatin baya kyau sosai. Amma sabuwa ma ba ta zuwa a daidaice. Ta baro masana'anta mai danshi, ta yi makonni a kwantena a kan teku, ta sauka Bur Sudan, sannan ta fara bushewa a ɗakin mai ita. Duk motsin da katakonta zai yi yana gaba, kuma ba wanda ya san inda zai tsaya. Tsohuwar da ta ga rani goma a bakin Nilu wuyanta yana miƙe, ta riga ta ci jarrabawar da sabuwar ba ta zauna ba tukuna. Game da masu sunan aro kuwa, araha ba ta ado: wanda ya yi ƙarya a goshi ba a sa ran ya yi gaskiya a sandar da ke ɓoye. Jitar Cort ko Yamaha da ta amsa sunanta ta fi Fender ta jabu.

Wasu kuma za su ce a bar sandar wuya kawai, taɓa ta karya jita ne, aikin ƙwararru ne. Wannan tsoro ya yaɗu a duniya duka, kuma a garuruwan da mai gyaran jita yake a kowace unguwa ba ya cutar da kowa sai aljihu. A Hartum ta yau tsoron yana nufin jita ta zauna a yadda take har abada. Sanda ba ta karyewa da kwata ɗin zagaye. Tana karyewa ne a hannun wanda ya ji ta ƙi ya ci gaba da murɗawa. Dokar ita ce in noti ya cije a tsaya, a sassauta tsirkiyoyi, a fara juya shi baya, a ɗiga masa mai. Abin da ya kamata a bar wa gwani shi ne goge ƙarafunan gaɓoɓi da magagari da zurfafa ramukan da tsirkiya ke bi a bakin kai, don abin da aka goge ba ya dawowa. Juya noti da sukuru kuwa, duk abin da aka yi ana iya warware shi in an lissafa juyin.

Ja mafi nauyi ba na fasaha ba ne. Tun watannin farko na yaƙin aka ga kasuwannin kayan ganima sun ɓullo a gefen Hartum da Umdurman da wasu garuruwa, jama'a suka laƙaba musu sunan kasuwannin Dagalo, da sunan shugaban RSF. A can aka riƙa karyar da kayan gidajen mutane a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, kuma kayan da suka bi ta nan sun ci gaba da sauya hannu har asalinsu ya ɓace. Duk wanda ya yaba cinikin kayan hannu a wannan gari dole ya amsa tambayar ko ba kasuwar ɓarayi yake wa talla ba. Ba na jin amsar ita ce a daina sayen ta hannu, don mutane da yawa suna sayar da nasu na halal ne saboda kuɗin magani ko na mota. Amma ɓera da sata, daddawa ma da wari. A fiƙihun Malikiyya, wanda Sudan da ƙasar Hausa suka yi tarayya a kai, cinikin kayan sata ba ya kashe haƙƙin mai shi, in ya gane abinsa yana da ikon karɓa. Jita kuwa ta fi firji sauƙin ganewa. Tana da lamba a bayan kai ko a farantin ƙarfen da ke riƙe wuya, tana da tabo da kwailewar da mai ita ya sani, kuma ta fito a hotuna da bidiyon bukukuwa da ke cike da Facebook. Makaɗan Umdurman sun san juna. Lambar da aka kankare, farashin da ya yi arahar banza, da mai sayarwar da bai san yadda ake riƙe jita ba kuma ba ya iya faɗin daga wa ya samo ta, duk alamu ne da ba sa buƙatar ɗan sanda. Ƙungiyar mawaƙa za ta iya tara jerin lambobin kayan da aka sace ba tare da kashe ko kwabo ba.

Sai masu cewa a garin da ake fama da kwalara da rashin ruwa da wuta, maganar jita shagala ce, balle ma ogan ɗaya ya daɗe da korar rabin makaɗa daga bukukuwa. Gaskiya ne tun shekarun 1990 ogan ya rage wa ƙungiyoyi kasuwa, kiɗan zanig na matasa ma a kansa ya ginu. Amma jita ba ta mutu ba. An ji ta a zaman dirshan da masu zanga-zanga suka yi a gaban hedikwatar soja a 2019, kuma faifan Sharhabil da na Kamal Keila da na Scorpions da kamfanin Habibi Funk na Jamus ya fitar tsakanin 2018 da 2020 sun buɗe wa kiɗan jitar Sudan kasuwa a waje. Ga wanda sana'arsa ke nan, jita keken ɗinkinsa ce, ba wanda kuma ke ce wa tela ya jira sai an gama gyaran asibiti. Mutanen Agadas sun san haka: Mdou Moctar da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, yau yana cika zauruka a Amurka.

Waya ta uku

Akwai haɗari guda da komowar jama'a ta ƙara wa girma. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin amfilifaya ta cikin waya, hannun makaɗi kuma yana kansu. Gidajen da aka zare wa tagulla ana sake ja musu wuta cikin gaggawa, sau da yawa da waya biyu babu ta ukun da ke shiga ƙasa, bukukuwa kuma da janareta ko batirin sola ake yi. In tsohuwar amfilifaya ta samu matsala a ciki, wutar za ta nemi hanyar ƙasa ta jikin mai kiɗa, musamman in leɓensa ya taɓa makirufo. Haka Leslie Harvey, makaɗin jita ɗan Sikotlan, ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972. Wutar Sudan bolt 230 ce, amfilifayar da aka yi don Amurka kuwa 120 take ɗauka, don haka dole a karanta bayanta kafin a soka. Wanda ya ji tsirkiya tana ɗan cizon yatsa, ya zare fulogi ya nemi mai gyaran wuta.

Duk wannan ilimi bai wuce abin da za a koya a 'yan makonni ba, kayan aikinsa kuma alanki biyu ne ko uku, da sukudireba, da ƙaramin magagari, da ƙarfen dalma. Umdurman ba ta rasa masu hannu ba, akwai kafintoci da masu gyaran udu da masu gyaran rediyo da waya. Kwalejin kiɗa da wasan kwaikwayo, wadda aka kafa a 1969 kuma yanzu take ƙarƙashin Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sudan, ita ce inda ya fi dacewa a haɗa waɗannan mutane da makaɗa, haka ma ƙungiyoyin waje da ke son taimakon mawaƙan Sudan a Alƙahira da Kamfala da Nairobi. Kwali goma na jitocin kyauta za su lanƙwashe a raninsu na farko in babu mai duba su, alhali mutum ɗaya da aka koya wa aikin, aka ba shi kwalin tsirkiyoyi, zai tayar da jitoci da dama da ke jingine a ɗakuna ana zaton sun mutu. Aikin kuma ba ya yankewa, domin a yanayin Hartum kowace jita tana son a sake auna wuyanta sau biyu a shekara, in rani ya kama sosai wajen Maris, da kuma in ruwa ya sauka a Agusta.